Wa Ya Naɗa Ka Waliyyi? Sharhi Kan Gyaran Dokar Walicci ga Manya Masu Naƙasa

A ɗauki misalin da da wuya a samu dagaci a ƙasar Ringim ko Ɗambatta da bai taɓa ganin irinsa ba. Magidanci ya rasu ya bar gonaki da 'ya'ya biyar. Ɗaya daga cikin mazan kurma ne, ya haura shekara 30, yana da mata da 'ya'ya, kuma shi yake huɗar gonar da hannunsa duk damina. An raba gado, an nuna masa kasonsa, amma takardar ta zauna a akwatin babban wansu. Bayan shekara biyu wan ya iso zauren dagaci tare da mai saye.

"Ina mai gonar?" in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, ai ni ne waliyyinsa. Ka san Kurma, ba gane irin waɗannan abubuwa yake yi ba."

Aka kira shaidu, aka ƙirga kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa. Mai gona bai san an yi ba sai ranar da ya tarar da baƙo yana watsa taki a cikinta.

Tun da aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, maganar gyara dokar walicci, wato a daina yanke wa mai naƙasa hukunci a madadinsa a koma taimaka masa ya yanke da kansa, take ƙara fitowa daga bakin lauyoyi da ƙungiyoyin naƙasassu. A karkara da yawa sun ɗauke ta a kan cewa ana so a raba mai lalura da danginsa, ko a shigo da dokar Turawa cikin abin da Shari'a ta riga ta yanke. Amma idan aka koma zauren dagacin nan, tambayar da gyaran yake yi ƙarama ce: wa ya naɗa wan nan waliyyi, a kan me, zuwa yaushe, kuma wa zai tambaye shi lissafi?

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Kalmar "waliyyi" tana ɗauke da kaya da yawa a bakin Bahaushe. Akwai waliyyin aure, wanda ke ba da auren mace. Wannan babi ne daban, ba shi ake magana ba. Akwai mai riƙo, wato wanda ke ciyar da mutum, ya kai shi asibiti, ya wanke masa kaya. Sannan akwai waliyyin dukiya, wanda doka ta ba ikon saye da sayarwa da sa hannu a madadin wani, har cinikin da mai dukiyar ya yi da kansa ya zama bai ƙullu ba sai da yardarsa. Rikicin yana kan na ukun. Mutum zai iya riƙon ƙanensa shekara 20 ba tare da ya samu ikon sayar da ko taƙi ɗaya na gonarsa ba.

Ita ma kalmar "naƙasa" buhu ce da aka zuba abubuwa iri-iri. Makaho, gurgu, kurma da wanda kuturta ta taɓa, lalurarsu a jiki take, hankalinsu daram. Mai farfaɗiya yakan fita hayyacinsa na 'yan mintoci ya dawo. Mai taɓin hankali iri biyu ne, wanda abin ke zuwa yana tafiya da wanda ya zauna masa. Ga wanda aka haifa da ƙarancin fahimta, ga tsohon da rikicewar tsufa ta kama, ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana alhali yana jin komai. A ƙauye duk sai a haɗa su a ce "ba shi da lafiya", a riƙe musu dukiya iri ɗaya.

## Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada

Hana mutum tasarrufi da dukiyarsa yana da suna a fiƙihu: hajru. Asalinsa aya ta 5 da ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka hana miƙa dukiya ga safihai, aka kuma yi umarni a jarraba marayu, idan an ga shiriya a tare da su a ba su dukiyarsu a kafa shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi bashi safihi ne, ko mai rauni, ko ba zai iya shifta ba, waliyyinsa ya yi shiftar da adalci.

Safihi a nan ba mahaukaci ba ne. Shi ne mai hankali wanda ke watsar da dukiya ba bisa hanya ba. Malamai ma ba su haɗu a kansa ba. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad sun halatta a yi wa baligi safihi hajru. Imamu Abu Hanifa ya ƙi, yana ganin zubar da mutuncin ɗa baligi ya fi asarar dukiyarsa muni, har ya ce wanda ya balaga da wauta a riƙe masa dukiya zuwa shekara 25 kawai, daga nan a ba shi abinsa. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa. Wato muhawarar da ake yi yau a zaurukan Majalisar Ɗinkin Duniya an yi irinta a Kufa da Madina fiye da shekara 1,200 da suka wuce.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Kano da Jigawa ke bi, waliccin dukiya yana hannun uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa kafin ya rasu, sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora. Wa, baffa, kawu, har ma kaka, babu wanda ke samun wannan iko don kusancin jini kawai. Wasu malaman baya sun yi sassauci ga mutanen karkara, suka ce idan al'ada ta gudana cewa uba kan rasu ba wasiyya saboda ya dogara da ɗan'uwansa ko babban ɗansa, a ɗauki wannan al'ada tamkar wasiyya. Sai dai maganarsu a kan marayu ƙanana take, kuma da sharuɗɗanta, ba a kan magidanci mai iyali ba.

Ko waliyyin gaskiya ma ba a sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama ba. Wasiyyi ko wakilin alƙali ba ya sayar da gona ko gida sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ci da sha ko biyan bashi ko wata riba da ba ta da shakka. Hajrun safihi a dukiya ya tsaya: sakinsa yana aukuwa, wasiyyarsa tana inganta. Mai taɓin hankalin da ke samun sauƙi, abin da ya ƙulla lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu. Idan dalilin hajru ya gushe, hajrun ma ya kamata ya tafi.

Naƙasar jiki kuwa ba ta cikin dalilan hajru sam. Malikiyya sun inganta cinikin makaho. Ishara da aka saba gane ta daga bebe tana tsayawa a matsayin furuci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, a kan al'amuran Madina idan zai fita. Akwai kuma hadisin sahabin nan da ake yawan cuta a kasuwa. A ruwayar Anas, iyalinsa ne suka nemi a hana shi ciniki, shi kuma ya ce ba zai iya haƙura da kasuwa ba, sai aka koya masa ya riƙa cewa "ba yaudara" duk lokacin da zai ƙulla ciniki. An bar shi a kasuwa, an ba shi garkuwa.

Da wannan ma'auni, cinikin zauren dagacin nan ya faɗi tun kafin a buɗe kundin dokar Abuja ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

## Dokokin gwamnati: daga 1916 zuwa 2023

Dokar farko da ta taɓo masu taɓin hankali a Najeriya ta Turawan mulkin mallaka ce, ta 1916, wadda aka sake wa riga a 1958. Damuwarta ita ce tsare mutum: likita ya ba da shaida, majistare ya ba da umarni, a kulle. Ba ta damu da ra'ayin mai lalurar ba. Ta rayu fiye da shekara 60 bayan samun 'yancin kai.

A Disamban 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a Satumban 2010. Sashe na 12 shi ne cibiyar maganar: mai naƙasa yana da cikakken matsayi a gaban doka daidai da kowa, wajibi ne gwamnati ta samar masa da taimakon da zai yi amfani da wannan matsayi, kuma duk matakin da aka ɗauka a kansa ya girmama nufinsa, ya zama daidai da buƙata, na ɗan lokaci, sannan wata hukuma mai zaman kanta ta riƙa duba shi. Amma a tsarin mulkin Najeriya yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta wariya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman. Ƙarfinta yana kan gine-gine, sufuri, ilimi da aiki, ba kan wanda zai sa hannu a madadin wa ba. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta zayyana haƙƙoƙin marar lafiya, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba.

Ga mutumin Gumel ko Ƙaraye, akwai wani sashe da ya fi waɗannan duka kusa da shi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abubuwan da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai, kuma a ciki akwai al'amarin yaro, da almubazzari, da marar hankali, da ciyarwa ko waliccin Musulmi mai rauni a jiki ko a hankali. Ma'ana, maganar waliyyin Musulmi a gaban alƙalin Shari'a take ƙarewa. Duk gyaran da bai bi ta majalisar dokokin jiha da waɗannan kotuna ba, a takarda zai tsaya. An ga haka da dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda Jigawa ba ta yi tata ba sai 2021, Kano kuma sai 2023, bayan an daidaita ta da Shari'a.

## Me ake nufi da gyaran

Tsohon tsari shi ne a yanke wa mutum hukunci a madadinsa, a kan abin da waliyyi ya ga ya fi masa alheri. Sabon tsari shi ne a taimaka masa ya yanke da kansa. Shi ke zaɓar mataimakinsa, shi zai iya sauke shi. Mataimakin yana karanta masa takarda, ya fassara masa, ya nuna masa riba da asara, amma yatsan da za a dangwala na mai dukiya ne. Mutanen karkara sun san samfurin wannan a rumfar zaɓe: dokar zaɓe ta 2022 ta yarda makaho ya zo da wanda ya zaɓa ya raka shi, amma ƙuri'ar tasa ce, ba ta ɗan jagora ba.

A 2014 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yarjejeniyar ya fassara sashe na 12 da cewa a soke tsarin yanke hukunci a madadin mutum gaba ɗaya. Peru ta bi wannan hanya a 2018, Kolombiya a 2019, Sifen a 2021. Ireland ta yi dokarta a 2015 amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2023, kuma ta yi matakai ne hawa-hawa, daga mataimaki zuwa abokin yanke shawara zuwa wakilin da kotu ta naɗa. Indiya a dokarta ta 2016 ta bar walicci, amma ta taƙaita shi. Kanada da Ostareliya tun farko sun bayyana cewa a fahimtarsu yarjejeniyar ba ta hana wakilci idan babu makawa ba. Masar kuwa da harshen fiƙihu ta yi nata bayanin, ta bambanta cancantar mallakar haƙƙi da cancantar zartar da shi.

## Inda ake jan igiya

Masu son a soke walicci baki ɗaya suna kafa hujja da abin da ke faruwa a zahiri. Da zarar an ce wane ba ya iya wa kansa, babu mai sake tambayarsa komai, kuma babu ranar da ake komawa a duba ko ya samu sauƙi. Wanda ke riƙe da dukiyar sau da yawa shi ne magajinta, don haka ba shi da wata riba a warkewar mai ita. Sukan ƙara da cewa kowa yana yin ciniki na wauta wani lokaci. Mai lafiya in ya sayar da shanunsa ya ƙara aure, surutu kawai za a yi, amma mai lalura in ya yi haka sai a karɓe masa komai.

Iyaye da masu riƙo suna da nasu ƙorafin, kuma ba na wasa ba ne. Uwar da ɗanta ya kai shekara 40 bai taɓa furta kalma ba, ba ya bambance naira 50 da naira 1,000, idan aka ce mata a tambayi ra'ayinsa kan jinginar gona za ta ɗauka ba'a ake mata. Tsoronsu shi ne a buɗe ƙofa ga 'yan damfara, wani ya lallaɓi mai rauni da ɗan kuɗin shayi ya dangwala hannu a takardar sayar da fadama, sannan kotu ta ce ai ra'ayinsa ne. Likitoci ma suna tambayar yadda za su yi da wanda ciwo ya taso masa tsakar dare yana neman illata kansa, yana kuma cewa ba ya son allura. Amsar masu gyara ita ce a irin wannan hali a bi abin da aka fi zaton shi ne nufinsa, bisa abin da aka san yana so da wanda yake ƙi. Masu suka suna cewa wannan walicci ne aka sauya wa suna.

Malamai da alƙalai ba za su yarda a shafe babin hajru ba, tunda nassi ne ya kafa shi. A nan ne kawai saɓani na haƙiƙa yake tsakanin fiƙihu da fassarar 2014: shin akwai halin da ya halatta wani ya tsaya a madadin baligi kacokan? Fiƙihu ya ce akwai. Kwamitin ya ce babu. A sauran wuraren, wato buƙatar hujja kafin a hana mutum, taƙaita ikon waliyyi, kafa shaidu, da ɗage hanin idan dalili ya gushe, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda kowannensu yake kusa da abin da ake yi a ƙauye.

Akwai kuma maganar aljihu. Ƙasashen da suka yi gyaran suna da ma'aikatan jin daɗin jama'a da rajistar mataimaka. A nan, likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Mai neman shaidar likita daga ƙauyen Jigawa sai ya nufi Kazaure, na Kano ya nufi Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, da kuɗin motar mutum biyu ko uku. Dokar da ta ce ba a komai sai da takardar ƙwararre za ta iya tura mutane su ci gaba da yi a ɓoye.

## Abin da zai taɓa a gida da gona

Wurin da aka fi jin walicci a yau ba kotu ba ne, shagon mai POS ne. Tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, Jigawa ta fara biyan wasu naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata, kuma tallafin gwamnati da na ƙungiyoyi yanzu ta asusun banki yake bi. Asusun da sunan mai lalura aka buɗe, BVN nasa ne, hotonsa ne a kan NIN, amma katin ATM da lambar sirri suna aljihun ɗan'uwa. Ranar kasuwa ɗan'uwan ya cire kuɗin, ya sayo kwanon gero biyu da sabulu ya kai masa, sauran kuma sai Allah. Wani amana yake riƙewa tsakani da Allah, har yana cikawa daga nasa. Wani ci yake yi. Daga waje ba a bambance su, domin babu rubutu. Tsarin mataimaki na hukuma zai sa a rubuta sunan mai riƙe katin da iyakar abin da zai yi, wanda hakan kariya ce ga mai gaskiya ma ranar da 'yan'uba suka taso da zargi.

A maganar gona, nauyin zai faɗa kan mai unguwa da dagaci, tunda yawancin cinikin ƙasa a karkara a gabansu ake shaida shi. Ƙa'ida guda za ta rage ɓarna mai yawa: ba a shaida cinikin gonar baligi sai ga shi a zaune, ko ga takardar alƙali da ta naɗa wakili ta kuma ba da izinin wannan cinikin. Idan kurma ne, a kawo mai fassara da ba shi da kaso a cikin kuɗin. Sarkin makafi da sarkin guragu, waɗanda sarautunsu suka daɗe a masarautun Kano da Jigawa, sun san mutanensu gida-gida, kuma za su iya zama shaidu ko masu kai ƙara.

Mata ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Mace mai lalura takan rasa kason gadonta da sunan "ana juya mata", kuma wanda za ta kai ƙara shi ne mai ciyar da ita. Idan doka ta ce mai lalurar kaɗai ke iya shigar da ƙara, ba za a ga ƙara ba. Dole ta ba maƙwabci, limami, Hisba ko jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma damar sanar da alƙali.

Gyaran zai kawo wa iyalai ɗawainiya, wannan babu musu. Wanda ya saba yanke hukunci shi kaɗai zai koma zuwa kotu, ajiye rasit, da bayar da lissafi. Idan aka sa kuɗin rajista mai nauyi, ko aka ce sai an je Dutse ko birnin Kano, talaka ba zai je ba. Jihohin biyu suna da ƙananan hukumomi 71, Kano 44, Jigawa 27, kuma kotunan Shari'a na matakin ƙasa sun bazu a cikinsu. Daftarin dokar jiha da zai yi aiki sai ya fayyace abin da alƙalin irin wannan kotu zai yi idan aka kawo masa maganar: ya ga mutumin ido da ido kafin ya yanke komai, ya rubuta abin da aka hana shi da abin da aka bar masa, ya sa ranar da za a dawo a sake dubawa, ya kuma ajiye kwafin takardar inda dagacin garin zai iya neman ta kafin ya kira shaidu.